Darasin Kiwon Lafiya: Gwajin Maganin Doguwar Suma

Mutum yakan faɗo daga babur, ko daga kan itace, ko mota ta buge shi. Idan kansa ya bugu sosai, ƙwaƙwalwa takan ji rauni. Sai ya suma, ya kasa farkawa. Ba ya buɗe ido, ba ya amsa kira. Amma yana numfashi, zuciyarsa kuma tana bugawa. Wannan ita ake kira doguwar suma.

Doguwar suma ba ta cika wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Wasu sukan rasu a cikinta, wasu sukan farfaɗo. Akwai kuma waɗanda sukan buɗe ido, amma hankalinsu bai dawo ba. Wani ba ya gane kowa. Wani yakan bi mutum da ido, ko ya matsa hannun da aka miƙa masa, daga nan sai ya yi shiru. A irin wannan hali 'yan'uwa sukan tambayi likita ko akwai maganin da zai dawo da hankalin ɗan'uwansu. Likitoci sun daɗe suna neman amsar wannan tambaya.

Yadda Ake Gwada Magani

Manomi ya san yadda malamin gona yake gwada sabon taki. Yakan raba gona gida biyu. Ya zuba taki a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen. Idan kaka ta zo, sai a auna amfanin kowane gefe. Da an zuba takin a gonar duka, ba wanda zai san ko takin ne ya yi aiki, ko damina ce ta yi kyau.

Haka ake gwada magani. Ana raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin. Kashi ɗaya a ba su abin da ya yi kama da shi, amma babu magani a ciki. Likitan da ke duba su bai san wanda ya sha na gaske ba, don kada zato ya ruɗe shi. Duk ana ci gaba da kula da su daidai. Kuma tun da mara lafiyan ba ya cikin hankalinsa, ana neman yardar iyalinsa.

Maganin da Ya Taimaka

Akwai wani magani mai suna amantadin. Tun asali an yi shi ne don mura mai tsanani. Daga baya aka ga yana taimaka wa masu ciwon karkarwar jiki. Sai likitoci suka yi tunanin zai iya zaburar da ƙwaƙwalwar da ta ji rauni.

An gwada shi a asibitoci 11 a ƙasashen Amurka da Jamus da Denmak. An sa mutum 184 a gwajin. Dukansu sun ji rauni a ka, tsakanin mako 4 zuwa 16 kafin a fara, kuma hankalinsu bai dawo ba. An ba su magani na mako huɗu, sa'an nan aka tsayar, aka zuba ido na mako biyu.

An bayyana sakamakon a shekarar 2012. Kashi biyun duk sun sami sauƙi, amma waɗanda suka sha amantadin sun fi saurin samu. An fi samun masu bin umarni a cikinsu, da masu gane kayan da aka nuna musu, da masu amsa i ko a'a. Da aka daina ba su, sai saurin ya ragu. Wato maganin yana gaggauta sauƙi ne. Ba ya tashin mutum lokaci ɗaya kamar an tashe shi daga barci. A shekarar 2018 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi ga masu irin wannan rauni.

Labari Ɗaya Ba Ya Isa Hujja

A shekarar 1999, a Afirka ta Kudu, an ba wani saurayi ƙwayar barci mai suna zolfidem. Ya yi shekaru a kwance ba ya magana. Da ya sha ƙwayar, sai ya yi magana. Labarin ya bazu a duniya. Amma da aka gwada ƙwayar a kan mutum 84 a Amurka, mutum 4 kawai ta yi wa aiki. Aikin nata ma na 'yan sa'o'i ne.

Akwai kuma wani maganin rage kumburi da likitoci suka yi shekaru suna ba masu rauni a ka. Suna zaton yana ceton rai. Aka gwada shi a kan mutum 10,008 a ƙasashe 49. Sakamakon ya fito a shekarar 2004. A cikin kowane mutum 100 da aka ba maganin, 21 sun rasu cikin mako biyu. A cikin kowane 100 da ba a ba su ba, 18 ne suka rasu. Ashe maganin cutarwa yake yi. Ba don gwaji ba, da an ci gaba da ba da shi. Gani ya kori ji.

Abin da Ya Kamata Iyali Su Yi

1. Wanda ya bugu a ka ya suma, a kai shi asibiti nan da nan. A ɗauke shi a hankali, kai da wuya da baya a miƙe.
2. Kada a ɗura masa ruwa, ko kunu, ko jiƙo. Ba ya iya haɗiya. Abin zai bi ta huhu, ya shaƙe shi.
3. Kada a sayo masa ƙwaya a kanti ko a kasuwa. Likita ne kaɗai ya san wanda magani ya dace da shi, da lokacin ba da shi.
4. Masu jinya su yi haƙuri. Sauƙin ƙwaƙwalwa yakan ɗauki watanni. Su riƙa juya shi kamar yadda ma'aikatan asibiti suka nuna, don kada bayansa ya yi gyambo.
5. Mai hawan babur da wanda ya goya su sa hular kwano. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne doguwar suma?
2. Don me ake raba marasa lafiya kashi biyu wajen gwaji?
3. Mutum nawa aka sa a gwajin amantadin?
4. Don me aka hana ɗura wa wanda ya suma ruwa?