Masu Shafa Wa Taya Fenti, Ku Ji Tsoron Allah

Ana gab da bikin abokinsa wani matashi ya tsaya a rumfata nan Bakori da Golf ɗinsa, ya ce in ƙara masa iska. Ina durƙusawa sai na ga farin zobe ya kewaye gefen kowace taya, irin na motocin Amurka na shekarun 1950 da ake gani a fim. Na sa farce na karta. Fentin mai ne, wanda ake shafa wa ƙofa. Ƙarƙashinsa roba ta yi sumul, sunan kamfani ya tafi, lambar DOT mai nuna lokacin da aka ƙera tayar ma babu alamarta.

Na ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

Ya ce, "Haba Baba, kwalliya ce fa, a waya na gani." Wai wani mai fenti ne ya bi gefen da girinda don fentin ya kama.

Na ce ko na gaba biyun ya cire. Dariya ya yi, wai zanen bai cinye ba, ciniki kawai nake nema. Aka kai amarya lafiya, ya ƙara samun bakin magana. Ba a jima ba farin ya rine ya koma ruwan ƙasa, sai ya koma wajen mutumin nasa, wannan karon ja yake so. Shi kuma gwanin ya wanke tsohon fentin da fetur da kananzir, ya sake gogewa, ya shafa sabo. Guga biyu kenan a wurin da ko ɗaya bai kamata a yi ba.

Kaka ta yi, ya ɗauko buhunan masara daga wajen Tsiga zai kai Funtua, ga fasinja a matse. Tayar gaba ta dama ta yage ta gefe, mota ta bar kwalta ta faɗa gona. Wata dattijuwa ta karye a ƙugu, har yau sai an ɗaga ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari ƙanensa ya kawo mini tayar, wai ko za ta yi faci!

Taya mai farin gefe ta gaskiya ba fenti ba ce. Farar roba ce da ake gasa ta tare da baƙar tun a kamfani, shuɗin da ke kanta in tana sabuwa kuma sabulu da ruwa ke fidda shi. Ruwan ƙasan nan da ya dame shi maganin da aka cuɗa a robar ne yake tsattsafowa don kare ta daga tsagewa, kuma kowane fenti ka shafa sai ya rina shi. Gefe shi ne wuri mafi siranta a taya, zare na nan kusa. Ka goge shi, ka kashe taya. Fetur da kananzir suna cin roba. Girinda ba ta da aiki a gefen taya, ko kaɗan.

Su ma masu baƙin kwalliya ba su tsira ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tsofaffin tayoyi 'yan Beljiyam suka cika mana kasuwa, wasu dillalai kuma suka koyi shafe su da baƙin mai ko man goge takalmi don tsagar ta ɓuya. Taya tana ƙyalli fiye da kima? Goge ta da tsumma, ka danna gefen da hannu ka duba. Nemi lambobi huɗun ƙarshe na DOT: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC cewa take wa'adin taya shekara huɗu ne daga wannan lokacin. In an kankare lambar, ajiye ka yi gaba, komai arharta. 

Ku masu fenti, aikinku bodi ne, ku tsaya a can. Mai son kwalliya ya fenta rim, ko zinare yake so ba ruwana. Amma tayar da aka goge gefenta ko ta tsage ta gefe, kada kowa ya kawo mini. Ba na yi mata faci, iska ma ba zan sa mata ba.