Kalmar "Raba": Ma'anarta da Yadda Manoman Arewacin Kano Ke Amfani da Ita

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin aikatau "raba", wanda ke ɗauke da ma'ana biyu masu kama da kishiyoyin juna: kasaftawa, inda kowa ke samun nasa, da kuma shiga tsakanin abubuwan da ke haɗe.

Daga saiwar "rab-" ake samun raba da rabe da rabu, bisa tsarin ajin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960. Daga nan ne kuma sunaye irin su rabi da rabo da rabuwa da mararraba suka tsiro. Wajibi ne ɗalibi ya kiyaye ƙugiya, domin "raɓa" kusantar abu take nufi, wato akasin "raba".

A karkarar Bici da Dambatta da Minjibir, inda jama'a ta yi yawa har gona ba ta samun hutu, kalmar tana da nauyi ƙwarai. Bisa al'ada, magidanci da 'ya'yansa suna noma gandu tare, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa. Idan uba ya rasu, sai a yi rabon gado bisa shari'a, namiji ya ɗauki ninkin kason mace, a dasa gamba ko lalle a kan sabuwar iyaka. Da haka gona ke ƙara tsukewa daga uba zuwa jika.

Dubi waɗannan jimloli:

(a) An raba musu gona.
(b) Gona ta raba su.

A jimla ta (a), "musu" ta nuna waɗanda suka amfana, kowa ya sami rabonsa. A ta (b) kuwa, 'yan'uwan ne karɓau, zumunci ya lalace ke nan. Haka nan idan aka ce wa da ƙane sun "raba tukunya", ana nufin kowa ya koma ciyar da iyalinsa, ko da suna zaune gida ɗaya. Wannan ma'ana ta biyu ce ta fito a kiran "a raba" da aka yi ta yi a biranen Arewa a watan Mayun 1966.

A taƙaice, karɓau shi ke fayyace ma'anar "raba". Idan dukiya ce, an sami rabo. Idan mutane ne, an sami rabuwa. Shi ya sa dattawan da ke halartar rabon gado suke gargaɗin magada cewa a raba gona, kada a raba zumunci.