Baƙunci a Babban Gida

Kaya gari ne a ƙasar Maradun, cikin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Yawancin mutanen ƙasar manoma ne. Suna noman gero da dawa da damina. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, ana kuma noman shinkafa da rani a wajen Talata Mafara da Bakura.

A irin waɗannan garuruwa akwai manyan gidaje na gandu, watau inda uba da 'ya'yansa da jikokinsa ke zaune wuri guda. Ƙofar gidan zaure ce. Daga nan sai tsakar gida, kowane magidanci da sashensa. Rumbunan hatsi suna ciki, randunan ruwa kuwa suna gindin bishiya.

In an ba da hutun makaranta, yaran dangi da ke birni sukan taru su tafi irin wannan gida tare da wani babba. Saboda rashin tsaro a shekarun nan, ba a kama hanya sai iyaye sun tabbatar da lafiyarta.

Da isarsu sai su yi sallama a zaure, su durƙusa su ce, "Kaka, mun same ku lafiya?" Shi kuwa ya ce, "Lafiya lau, jikokina. Sannunku da zuwa." Sa'an nan a kawo musu ruwa da fura. Samari su kwana a zaure, 'yan mata su kwana a ɗakin kakarsu.

To, ga abin lura. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, don haka maigida ba ya taɓa gaya wa baƙo cewa hatsi ya yi ƙasa. Amma in yara 20 suka kwana 7, tuwon dare kaɗai ya zama kwano 140. Duk daga rumbu guda za a ɗebo shi, rumbun da zai ci da gidan har kaka mai zuwa. Matan gida ne za su surfa, su daka, su tuƙa.

Saboda haka baƙi masu hankali sukan zo bayan girbi, lokacin da rumbu ke cike. Sukan riƙo tsaraba, kamar sabulu da gishiri da man gyaɗa. Da safe kowa ya naɗe tabarmarsa. Samari su ɗebo ruwa a rijiya, su kai wa awaki harawa. 'Yan mata su yi shara, su kama daka. Ba mai ɓarnar ruwa, ba mai raina abinci, ba kuma mai shiga sashen wani sai da sallama.

Ranar da suka ɗiba ta komawa, ranar suke tashi. Yaran da suka yi haka, in sun tafi akan yi kewarsu, a ce Allah ya kawo su baɗi.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Kaya take?
2. Mene ne gidan gandu?
3. Don me ya fi kyau a zo bayan girbi?
4. In yara 15 suka kwana 6, tuwon dare kwano nawa ke nan?