Gicciye: Ma'anarsa Ga Masu Shi Da Matsayin Musulmi A Kansa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya aiko Annabawa da tauhidi, ya kuma umurce mu da adalci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da ɗan'uwansa Annabi Isa ɗan Maryama (A.S.).

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, tambayoyi biyu ne suka sa muka rubuta wannan darasi. Ta farko, wata dattijuwa a nan Gaffati ta aiko jikanta ya tambaye mu game da abin wuya na azurfa, ƙirar Agadas, wanda ta gada daga mahaifiyarta, domin wani ɗalibi ya ce mata gicciye ne, kuma duk sallar da ta yi da shi ba ta karɓu ba. Ta biyu, wani magidanci ya ƙi karɓar gidan sauro da maganin yaransa, saboda ya ga jan gicciye a jikin motar masu rabawa. Malaman Usulu sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Saboda haka za mu fara da sanin abin da wannan alama take nufi ga masu riƙe da ita.

1. Gicciye a wurin Kirista

Asalin gicciye, wanda Larabawa suke kira salibi, itace ne da Rumawa suke tsire bayi da ƴan tawaye a kansa, wato kisan wulaƙanci. Kiristoci sun yi imani cewa a kansa aka kashe Annabi Isa (A.S.) domin fansar zunuban mutane, kuma ya tashi a rana ta uku. Alamar ta bazu a fili ne daga ƙarni na 4 na Miladiyya, bayan sarkin Rum Kustantin ya ci nasarar yaƙi a shekarar 312, ya kuma karkata ga addininsu.

Ko a tsakaninsu ba su haɗu a kan abu guda ba. Ƴan Katolika sukan sa surar mutum a jikin gicciyen domin tuna wahala. Mafi yawan ƴan Furotesta sukan bar shi wayam, domin a wurinsu alama ce ta tashi daga matattu. Shaidun Jehobah kuwa ba su amfani da shi sam. Idan muka zauna da maƙwabcinmu Kirista muka tambaye shi, zai ce mana yana ganin ƙauna da haƙuri a cikinsa, wani kuma tunawa ce da iyayensa da suka rataya masa shi tun yana yaro. Ba mu yarda da aƙidar ba, amma adalci ne mu san cewa ba domin ya tsokane mu ya rataya ba.

2. Gicciye a wurin wanda bai yi imani da shi ba

Ga Musulmin da ya karanta tarihi, alamar tana tuna masa yaƙe-yaƙen Salibiyya, waɗanda Paparoma Urban na biyu ya yi kira gare su a 1095, aka ci Ƙudus a 1099, har Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓo ta a 1187. Ga mu mutanen Damagaram kuma, tun da Faransawa suka shiga birnin Zinder a 1899, kalmar Nasara ta haɗe mana ɗan mulkin mallaka da mabiyin addinin Kirista, alhali ba kullum suke abu ɗaya ba.

A ƙasashen Turai akwai mutane da yawa waɗanda ba su yarda da kowane addini ba, amma suna rataya gicciye don ado. Yana cikin tutocin Ingila da Suwidin da Suwizalan. Koren gicciyen da muke gani a ƙofar kantin magani a Zinder da Yamai ba ya nufin kome sai cewa a nan ake sayar da magani.

Amma jan gicciye na ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, an amince da shi ne a yarjejeniyar Jeneba ta 1864, domin a gane masu jinyar waɗanda aka raunata a fagen fama, kada a harbe su. Daular Usmaniyya ta musanya shi da jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, saboda sojojinta ba su natsu da shi ba, aka kuma amince da jinjirin watan a 1929. Aikin ɗaya ne, alamar ce ta bambanta. Reshen Nijar an kafa shi a 1963, kuma mafi yawan masu aiki a cikinsa ƴaƴanmu ne Musulmi.

Shi kuwa abin wuyan Agadas, Turawa ne suka laƙaba masa sunan gicciye. Abzinawa suna kiran sa tanaghilt, maƙeransu Musulmi ne suke zuba shi da azurfa. Ana lissafa ƙira 21, kowace da sunan gari ko yanki, kamar Agadas da Ingal da Iferwan da Tawa, har da ƙirar Zinder. Ba mu taɓa jin Ba'abzine ya ce yana tuna mutuwar wani Annabi da shi ba.

3. Aƙidar Musulmi

Aƙidarmu a fili take. A Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, Allah (S.W.T.) ya kore cewa an kashe Annabi Isa ko an tsire shi, ya tabbatar da cewa ɗaukaka shi ya yi zuwa gare shi. Kuma babu rai da zai ɗauki zunubin wani rai. Don haka bai halatta ga Musulmi ya rataya gicciyen ibada ba, ko ya girmama shi, ko ya nemi albarka da shi. Imamul Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya kawar da shi. Imamut Tirmizi kuma ya ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatim ya zo wurin Annabi da gicciyen zinariya a wuyansa, ya umurce shi da ya cire.

To, amma mu lura da kyau. Hadisin farko a kan gidan Annabi yake, na biyu kuma a kan mutumin da ya zo yana shiga Musulunci. Babu ko ɗaya da ya umurce mu da mu shiga gidan wani ko ɗakin ibadarsa mu karya abin da yake ciki.

4. Ƙin aƙida daban, zalunci daban

Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, suka samu mafaka a hannun Najjashi a ƙasar Kirista. Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙulla alkawari da Kiristocin Najran, ya bar musu addininsu. Imam Ɗabari ya kawo a littafinsa na tarihi cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ba mutanen Ƙudus amana a kan rayukansu da dukiyoyinsu da majami'unsu, har da gicciyensu ya ambata da suna. Shin akwai wanda ya fi Umar kishin tauhidi a cikinmu? Suratul Hajji, aya ta 40, ta jera ɗakunan ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai cikin wuraren da Allah yake kare su daga rushewa. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta halatta mana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba.

Ya ƴan'uwa, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da tana da ɗaci. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, fushin zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta yi ya koma kan majami'u da gidajen Kirista a birnin Zinder. Kashegari wutar ta kama Yamai, inda hukuma ta ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Fushi don mutuncin Annabi (S.A.W.) imani ne, amma wa aka hukunta? Jaridar nan ba ta Kirista ba ce, ta sha yi wa Paparoma da Annabi Isa kansa izgili. Waɗanda aka ƙone wa dukiya kuwa maƙwabtanmu ne, muna cin kasuwar Dole tare da su, kuma marasa lafiyarmu suna zuwa asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe tun 1950, ba a tambayarsu addininsu. An bar jaki an bugi taiki. Mu tuna Buhari ya ruwaito gargaɗi mai tsanani, cewa wanda ya kashe mutumin da yake ƙarƙashin amanar Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Allah ya saka wa Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu a ranar nan da alheri.

5. Amsar tambayoyin

Ga mahaifiyarmu mai abin wuya: sallarki ta inganta, in Allah ya so. Wannan adon mata ne na ƙasarmu, ba a ƙera shi don ibadar kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ƙudurta cewa yana tsare mutum daga sharri, domin Allah kaɗai ne mai tsarewa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar shi, amma kada ya kafirta mai sa shi. Ko wanda ya yi salla da tufa mai gicciye na haƙiƙa, mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ya yi abin ƙi, amma sallarsa ba ta ɓaci ba. Namiji kuwa ya taƙaita a kan zoben azurfa.

Ga ɗan'uwanmu magidanci: ka karɓi gidan sauro, ka ba yaranka magani. Karɓar taimako ba girmama alama ba ne, kuma lafiyar yaran nan amana ce da za a tambaye ka a kanta.

Ga ɗalibanmu: ku ji tsoron Allah game da fatawa. Kalma ɗaya ta hana tsohuwa barci kwana da kwanaki. Abin da ba ku sani ba ku mai da shi ga malamai, kuma idan wani ya kira ku zuwa ga ƙone-ƙone da sunan addini, ku tambaye shi aya ko hadisin da ya dogara da shi.

Allah ne mafi sani. Muna roƙonsa ya tabbatar da mu a kan tauhidi, ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin bayinsa, ya zaunar da Damagaram da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.