Damana a ƙauyenmu

1. Jiran ruwa

A ƙasar Hausa shekara ta kasu kashi huɗu: rani, bazara, damana da kaka. Bazara ita ce lokacin zafi mai tsanani. Rijiyoyi suna yin ƙasa, dabbobi suna ramewa. A lokacin ne manoma ke sassabe, suna kai taki gona a kan jakkai da amalanke. Ƴan ci-rani kuma suna komowa gida ɗaya bayan ɗaya.

Da watan bakwai na manoma ya kama, sai idon kowa ya koma gabas, domin daga can ne hadari ke tasowa. Hausawa suna cewa: watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. A jihar Maraɗi ruwan shuka yakan sauka a watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Agusta shi ne watan da ya fi ruwa. Abin da ake samu a shekara a wajen birnin Maraɗi bai cika wuce milimita 500 da yawa ba. Cikin waɗannan watanni kaɗan ne ƙauye ke neman cimakar shekara guda.

2. Ranar shuka

In ruwa ya sauka da dare, da asuba maigida yakan tona ƙasa ya duba zurfin laima. In ta yi nisa, sai kowa ya kama hanyar gona. Ranar ba a iske kowa a gari sai tsofaffi da marasa lafiya.

Namiji yana gaba da sungumi yana sara, taki ɗaya rami ɗaya. Mata da yara suna biye da ƙwarya, suna jefa iri, suna rufewa da ƙafa. Ana gaggawa, domin ƙasar jigawa ba ta riƙe laima: bayan kwana biyu ko uku ta bushe. Wasu ba su jiran ruwa, sukan yi binne, wato su sa iri cikin busasshiyar ƙasa. In ruwa mai yawa ya zo, sun riga kowa. In yayyafi ne kawai, irin ya tsira ya mutu, sai an sake.

Hatsi ake fara shukawa. Daga baya a sa wake a tsakanin layuka. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin dabbobi ce. Dawa ta fi son fadama da ƙasa mai laka. Mata sukan shuka gujiya, kuɓewa da yakuwa a gamanarsu.

3. Gandu da gamana

Gandu shi ne babbar gonar gida, maigida ke kula da ita, abin da aka samu kuma na tukunyar kowa ne. Gamana ƙaramar gona ce da ake ba mace ko saurayi, amfaninta nasu ne. Da safe ana aikin gandu, in an tashi kowa ya nufi gamanarsa.

Bayan kamar mako biyu da shuka ake noman farko. A nan ake rage tsiro, a bar uku ko huɗu a kowane gindi, don kada su yi ta gasar ruwa da abinci. Daga baya a yi maimai. Noman farko ba ya jira. In ciyawa ta rufe hatsi tun yana ƙarami, ko an nome daga baya ba ya yin zangarniya ta kirki.

Da hantsi ƴan mata ke kawo fura gona. A zauna a inuwa a sha, a huta kaɗan. Ƴan makaranta suna babban hutu a wannan lokaci, saboda haka su ma suna cikin aiki: wasu noma, wasu yankan ciyawa, wasu kiwon awaki nesa da shuka.

4. Gayya

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da wani dattijo ana tsakiyar noman farko. Babban ɗansa bai komo daga ci-rani ba. Ciyawa ta fara rufe gonarsa. Matarsa ta je wurin sarkin noma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce:

"Sarki, maigida yana kwance yau kwana shida. Gona tana neman ɓacewa. Gayya muke so, amma rumbu ya yi ƙasa, ba mu da abin da za mu dama wa mutane."

Sarkin noma ya ce: "Tashi, ƴar uwa, je ki gida. Bara da rijiya ta rufta, mijinki ne ya fara shiga. Wannan magana tamu ce."

Bayan sallar isha ya faɗa wa maigari da liman. Aka shirya kowane gida ya kawo tiya guda ta hatsi. Mata suka raba daka a tsakaninsu. Ranar gayya samari suka jeru da hauyoyinsu, makaɗi yana biye da gangar noma yana zuga su. Kowa yana ƙoƙari kada a bar shi a baya. Kafin azahar aikin da mutum ɗaya zai yi mako biyu yana yi ya ƙare.

Da maraice yara suka kai wa dattijon labari. Ya ce: "Allah ya yi muku albarka, ƴaƴana." Gayya bashi ce da ba a rubutawa. Wanda aka yi wa bana, shi ma za a kira shi baɗi.

5. Wahalolin damana

Damana lokacin kore ne, amma kuma lokacin yunwa ne. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, kuma tiya ta yi tsada a kasuwa. Mata sukan ɗebo tafasa, rama da zogale su yi kwaɗo. A wasu ƙauyuka akwai bankin cimaka: ana sayen hatsi da kaka yana da araha, a ajiye, a sayar wa ƴan gari da sauƙi da damana. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, haka nan yunwar 2005. Shi ya sa maigida mai hankali ba ya buɗe rumbu ba da lissafi ba.

Ruwan da ke kwanciya a kududdufai yana haifar da sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Kwana cikin sange yana kare mutum. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira.

Akwai kuma zancen dabbobi. Makiyaya suna wucewa arewa da garkunansu, suna bin burtali. In manomi ya nome burtali, ko makiyayi ya bar shanu suka shiga gona, rigima ta tashi. Maigari da ardo sukan je su duba ɓarnar, a sasanta. Manomi da makiyayi suna bukatar juna: wannan yana da hatsi da kara, wancan yana da nono da taki.

6. Icen gawo

A cikin gonaki akwai wani ice mai ban mamaki, shi ne gawo. Da damana yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tsare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka riƙa barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi, maimakon su sare duka. Ana kiran wannan sassabin zamani. Itatuwan suna tare iska, suna hana rairayi binne tsiro.

Hatsi mai saurin nuna yakan yi kamar kwana 90 zuwa 100. Ranar da yara suka gasa tumun farko, gari ya san kaka ta kusa.

Kalmomi

Binne: shuka kafin ruwa ya sauka.
Maimai: noma na biyu.
Burtali: hanyar dabbobi a tsakanin gonaki.
Tumu: sabuwar zangarniyar hatsi da ake gasawa.

Tambayoyi

1. Don me ake gaggawa ranar shuka?
2. Mene ne bambancin gandu da gamana?
3. Yaya mutanen gari suka yi gayya alhali rumbun dattijon ya yi ƙasa?
4. Wane amfani gawo ke yi wa gona?

Lissafi

Wani gida yana cin tiya 2 kowace rana. Saura kwana 45 a yi girbi. Tiya nawa gidan ke bukata?

Aiki

Kowa ya tambayi kakansa ko kakarsa yadda ake gane damana ta kusa, ya rubuta alamu uku.