Darasin Kiwon Lafiya: Maganin Suga da Aka Janye

Ciwon suga yana samuwa ne idan suga ya yi yawa a cikin jini. Alamominsa su ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama. A jikin mutum akwai wani sinadari mai suna insulin. Shi ne yake kai suga cikin tsoka, mutum ya sami ƙarfi.

A shekarar 1999 aka fara sayar da wani magani mai suna Avandia a Amurka. Yana taimaka wa jiki ya yi aiki da insulin sosai, sai suga ya sauka. Miliyoyin mutane sun sha shi.

Amma yana da illa. Yana tara ruwa a jiki, ƙafafu su kumbura, zuciya ta wahala. Yana kuma sa ƙashin mata saurin karyewa. A 2007 wani likitan zuciya, Dakta Steven Nissen, ya duba gwaje-gwaje 42. Ya ce haɗarin bugun zuciya ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 ga masu shan sa.

A watan Satumba na 2010 ƙasashen Turai suka dakatar da shi. Amurka ta taƙaita ba da shi, sannan ta sassauta a 2013 bayan an sake bincike.

Ke nan magani yana iya gyara wani wuri ya ɓata wani. Kada garin neman ƙiba a samo rama. Saboda haka mai ciwon suga ya kiyaye waɗannan:

1. Kada ya sayi magani a kasuwa ko wajen 'yan talla.
2. Kada ya sha na maƙwabcinsa.
3. Ya duba lambar NAFDAC a jikin kwali.
4. Kada ya daina magani sai da izinin likita.
5. In ya ga kumburin ƙafa ko haki, ya hanzarta zuwa asibiti da kwalin maganinsa.

Ana awon suga a asibitoci, kamar Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa a Kano.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin Avandia?
2. Faɗi illarsa guda biyu.
3. A wace shekara aka dakatar da shi a Turai?