Shokazoba: Abin da Ke Hana Mota Lilo

Idan ka san unguwar Tudun Wada da ke Jos, ka san hanyoyinta hawa da gangara ne, ga kuma duwatsu. Abubuwa biyu ne ke sauƙaƙa wa mota tafiya a irin wannan wuri: sifirin da shokazoba.

Sifirin yana lanƙwashewa idan taya ta hau dutse. Amma yana da aibi guda. Da zarar ya lanƙwashe sai ya miƙe da ƙarfi, mota ta yi ta lilo sama da ƙasa. Aikin shokazoba shi ne kashe wannan lilo.

Shokazoba ta farko ba ta da mai a cikinta. Wani Bafaranshe mai suna Truffault ya ƙera ta domin keke a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya aka sa ta a mota. Hannuwa biyu ne na ƙarfe kamar almakashi, a mahaɗarsu akwai faya-fayai da aka matse da noti. Idan taya ta motsa, faya-fayan sai su gogi juna. Goga tafukan hannunka yanzu. Ka ji ɗumi? Haka ƙarfin lilon yake komawa zafi ya ɓace.

Dabarar tana da kyau, sai dai riƙonta kusan ɗaya ne kullum. A ƙaramar gargada takan ƙi motsi, fasinja ya ji kamar yana kan amalanke. A babban rami kuwa ta kasa. Ga shi faya-fayan suna cinyewa, dole a riƙa ƙara ɗaure notin.

Wani Bafaranshen, Maurice Houdaille, ya ƙera mai aiki da mai. A cikinta ana tura mai ya bi ta ƙananan kafofi. Motsa hannunka cikin ruwa a hankali, sannan da sauri. Gwargwadon saurinka, gwargwadon turjiyar ruwan. Saboda haka wannan shokazoba tana da laushi a ƙaramar gargada, tana da ƙarfi a babban rami. Kamfanin Ford ya sa irinta a motarsa Model A da ta fito a 1927.

Kada ka ɗauka jin daɗin fasinja kawai ake nema. Idan shokazoba ta mutu, taya takan yi tsalle ta rabu da ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki. A gangaren Tudun Wada wannan babban haɗari ne.

Aiki: Ziyarci wani bakanike a unguwarku, ka tambaye shi yadda yake gane matacciyar shokazoba. Rubuta amsarsa cikin jimloli biyar.